Hular Kwanon Tasi'u da Sunan 'Yarsa

Ku gyara zama, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba irin labarin da ake yi wa yara don su yi barci ba ne. Da rana tsaka ya faru, a kan kwalta, mutane suna tsaye suna kallo.

Na dawo Rafin Kanya bayan shekarun da na yi ina yawo a garuruwan bakin teku, na tarar babura sun cika garin fiye da yadda jakuna suka cika shi lokacin da na tafi. Abin da ban tarar ba shi ne kai ɗaya a rufe. Yaro zai ɗauko uwarsa da buhun masara da akuya, yana gudu kamar an biyo shi, kansa a waje. Wanda ma ya mallaki hular kwano ya rataye ta a hannun babur, ko ya zura ta a gwiwar hannunsa, sai ka ce a gwiwar ƙwaƙwalwarsa take. A wani gida na ga kaza tana kwanci a cikin wata. Da na yi magana a teburin mai shayi, dariya aka yi mini, aka ce ruwan teku ne ya juya mini kai. Sai Baba Mati, tsohon da ya fi kowa daɗewa a kan bencin nan, ya ce su ƙyale ni. Ya ce in abin faɗa nake nema, ga shi can a gidan Tasi'u mai wankin hula, an rasa mai raba shi. Ya ɗauko mana labarin tun daga tushe, har waɗanda suka riga suka sani suka yi shiru. Ga shi yadda ya jera shi. In kun ji zafi a wani wuri, nawa ne, ba nasa ba.

Tasi'u sana'arsa wankin hula. Ya wanke, ya sa sitaci, ya kifa a kan gungumen katako ta bushe, ya fitar mata da kari. Hular da ta bi ta hannunsa ko daga nesa ana gane ta. Yana da masu ba shi wanki a ƙauyukan da ke bakin titi, kuma kowace Alhamis yakan mayar musu da hulunansu don su samu na zuwa masallacin Juma'a. Da keke yake wannan zagaye, har Allah ya hore masa ya sayi babur. Abu ɗaya kowa ya sani game da shi: ba a taɓa ganin kansa babu hula ba. Yakan ce kansa shi ne allon tallarsa, in mutum ya ga karin da ke kansa, shi ke nan ya miƙo tasa.

Akwai kuma wani abu game da gidansu da ya kamata ku riƙe. Gidan maza ne. Tun da aka haifi Suwaiba, yayar Tasi'u, ba a sake jin kukan 'ya mace a gidan ba. 'Yan'uwansa duk maza suke ta haifa. A lokacin da wannan abu ya faru, matarsa Bara'atu tana da tsohon ciki.

To, mace ta farko a labarin nan ita ce Suwaiba. Tana saro kuloli da robobi da tukwane daga birni tana sayar wa masu haɗa kayan ɗaki. Ta daɗe da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar da Tasi'u ya shigo da sabon babur, kowa yana shafa tanki yana sa albarka, ita sai ta tambaye shi ina hular kwano. Ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar rawayar hula irin ta magina, ya ce wani ne ya ba shi, ta ishe shi ya ɗora in ya hango masu tsare hanya. Suwaiba ta karɓa, ta danna tsakiyarta da babban yatsa, ta lotsa ciki. Ta miƙa masa abarsa. Washegari ta sa shi gaba har kasuwar birni, ta ce gudummawarta ke nan, kuma ita za ta zaɓa.

Mai shagon farko ya fara miƙo wata mai ƙyalli, an zana mata harshen wuta a gefe. "Hajiya, ga wadda samari suke yayi."

Suwaiba ta sa ta tsakanin tafukan hannunta ta matsa. Gefe da gefe suka kusa haɗuwa. "Malam, roba nake sayarwa. Wannan ko tuwo ba zan zuba a ciki ba, balle kan ɗan'uwana."

Ya ɗauko wata 'yar gwanjo mai nauyi, ya ce daga waje ta zo, babu irinta a kasuwar. Ta bi bayanta da yatsa har ta ji wani tudu a ƙarƙashin sitika. Ta ɓare sitikar, sai ga tsaga. "Wannan ta riga ta bugi ƙasa da kan wani. Ko ta cece shi ko ta kasa, ta dai gama aikinta. Mayar."

A nan ne Tasi'u ya hango tasa dabarar. Ya ɗauko wata ƙatuwa, ya kifa ta a kan hularsa ta zanna ba tare da ya cire ba, ya yi murmushi. "Yaya, shi ke nan, an gama. Kin ga ta shige, karin ma bai taɓu ba."

Suwaiba ta kai wa gefen kwanon mari ɗaya. Ya juya kamar murfin tulu, gilashin ya koma saitin kunnensa, fuskarsa ta shige duhu. Masu shagunan kusa suka fashe da dariya.

"Ka gani? A kwalta ma haka za ta yi maka. Cire hular nan, kai za a auna, ba zanna ba."

Sun shiga shaguna har Tasi'u ya fara cewa yunwa yake ji. A ƙarshe ta samu wadda ta kwanta mata: mai rufe har haɓa, bayanta ba ya lanƙwasa, cikinta akwai farin soso mai tauri da kauri irin wanda ake lulluɓe talabijin da shi a kwali, maɗaurinta kuma ɗinkinsa ya kama. Ta sa ya cusa kansa, ta riƙe kwanon ta girgiza. Fatar goshinsa da kumatunsa suka bi shi, bai zame ba.

"Yaya, ta matse ni."

"Gara ta matse ka."

Tasi'u bai yi mata magana ba har suka iso gida. Ya gaya wa matarsa cewa yayarsa ta tozarta shi a gaban 'yan kasuwa. Kuma tun daga ranar, kwanon nan mai kyau, wanda aka sha rana aka zaɓo, bai hau kansa ba ko sau ɗaya. A hannun babur ya rataye shi, yana lilo yana bugun tanki. Watanni! Ku duba fa: ga abin a gabansa, tsakaninsa da kansa bai kai kamu biyu ba, amma karin hula ya fi masa ƙoƙon kansa daraja. Kuma duk garin babu namiji ɗaya da ya ce masa kanzil, don duk haka suke yi.

Mace ta biyu ita ce Kaka Ramatu, mahaifiyar babansa. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, sai dai kunnenta ko allura ta faɗi a zaure tana ji. Tsakaninta da Tasi'u wasan jika da kaka ne, kullum suna cikin tsokanar juna. Wata Alhamis da safe, lokacin girbin shinkafa, ya ɗaure buhun hulunan mutane a bayan babur, ya shiga gaishe ta kamar yadda ya saba. Ya durƙusa ya ajiye makulli a kan tabarma. Kafin ya gama gaisuwa, makullin ya ɓace a ƙarƙashin cinyarta.

"Tsohuwa, ba ni makullina, rana tana yi."

"Wane makulli? Ni mijin da ba ya jin magana ban san makullinsa ba. Zo nan, angona. Mene ne nake ji yana ƙwal-ƙwal a jikin babur ɗin nan kullum in za ka fita?"

"Wani ƙarfe ne ya saki."

"Ƙarya kake, mai kan gungume. Tukunyar da Suwaiba ta saya maka ce. Da tana kanka da ban ji ƙararta ba."

"Haba tsohuwa, yau Alhamis fa. Hulunan mutane zan kai. In shiga ƙauye da wannan abu a kai, wa zai sake ba ni wanki? Kuma ai in ajali ya zo, ko tukunyar ƙarfe mutum ya kifa sai ya tafi."

"In ka tashi daga shago kulle shi kake yi, ko barinsa kake a buɗe ka ce in ajalin hulunan ya zo su tafi? Ɗauko mini ita."

Ya yi dariya, ya yi magiya, ya yi fushi. Tsohuwa ko gezau. Da ya ga da gaske rana za ta yi masa, ya fita ya ɗauko kwanon, a ransa yana cewa da ya bar gari zai cire. Ta ce ya durƙusa. Ta miƙa hannu ta zare zannar da ke kansa, ta cusa ta a ƙarƙashin matashinta.

"Wannan sai ka dawo."

Ta san abin da take yi. Ta san Tasi'u ba zai shiga ƙauye da kai a waje ba, kuma ta san mai wankin hula ba ya ɗora hular da aka ba shi amana a kansa, ko da buhu guda yake ɗauke da su. In ya cire kwanon, ba shi da abin sawa.

Ya kifa kwanon ya miƙe. Ta ce ya dawo. Ta laluba kumatunsa, ta gangara har wuyansa, ta ji maɗaurin yana reto.

"Au, haka ake yi? To wannan da babu duk ɗaya."

Da yatsunta da sanyin ƙashi ya lanƙwasa ta yi ta fama har ta ɗaure shi, ta ja, ta sake ja, sai da yatsanta ɗaya kawai yake iya shiga tsakanin maɗaurin da haɓarsa. Sannan ta zaro makullin.

"Komai ka yi mini na yafe, ban da ka kwance wannan kana kan babur."

A bakin tasha samari suka gan shi suka sa ihu. "Tasi'u, yaƙi aka tura ka? Ina zannar?" Wani ya ce tsohuwa ce ta yi masa ɗaurin kallabi. Hannunsa ya kai haɓa zai kwance, ya tuna ba shi da hula, ya tuna maganar tsohuwa, ya mayar da hannun ya ƙara wuta. Samarin nan suna nan har yau a bakin tasha, kuma har yau babu wanda ya je ya ce masa ya yi haƙuri.

A wani ƙauye da ake kira Gidan Dawa, mata sukan shanya shinkafa a gefen kwalta, don nan ne kaɗai wuri mai tsabta da babu ƙasa. Sukan jera duwatsu a bakin shanyar don kada taya ta bi ta kai. Kowa ya san haka ake yi, kowa ya san haɗari ne, kuma babu wanda ya taɓa tunanin a haɗu a dabe musu wani fili. Tasi'u yana isowa wurin, sai ga wata gingimari ta fito tana wuce wata mota, ta cinye hannunsa na titi gaba ɗaya. Ya kauce gefe. Tayar gaba ta daki dutse. Babur ya yi gefe guda, shi ya yi sama, ya sauko da ka a kan kwalta, ya zame har ya bugi bakin kwalbati. Buhu ya fashe, huluna suka watsu a kan shinkafa. Mai gingimari ko birki bai taka ba.

Mace ta uku ita ce Zulai, kuma Tasi'u bai taɓa ganinta ba kafin ranar. Shanyar tata ce. Duwatsun ma ita ta jera su da hannunta da safe. Tana zaune a inuwa da sandar korar awaki lokacin da abin ya faru a kan idonta. Maƙwabciyarta ta ja mayafinta ta ce ta gudu gida tun kafin a ce dutsenta ne. Zulai ta fizge, ta yi wajen da yake kwance.

Ta same shi rigingine, gilashin kwanon ya fashe, idanunsa suna motsi. Da ƙyar ta ji abin da yake cewa: "Wuyana."

Kafin ka ce me, jama'a sun taru, kuma kun san yadda muke. Wani ya fasa ledar ruwan fiya wata zai ɗura masa. Wani ya ce a cire masa wannan tukunyar ya sha iska, ita ce take shaƙe shi. Samari uku sun ɗaga waya suna ɗauka, ba wanda ya tuna wayar ana kiran taimako da ita. Sai ga wani dattijo da aka ce yana taɓa ɗori, ya naɗe hannun riga, ya ce wuya ne ya goce, mutum biyu su riƙe ƙafafu, shi zai zare kwanon ya ja kan ya koma wurinsa.

Zulai ta durƙusa a saitin kansa, ta sa kwanon tsakanin gwiwoyinta, ta dafe shi da hannu biyu.

"Ba mai taɓa kan nan."

"Ke baiwar Allah, tashi ki ba maza wuri," in ji dattijon.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan tashi ba."

"Ke likita ce?"

"Ni ba kowa ba ce. Ƙanena ya faɗo daga kan mangwaro, yana magana, yana cewa a ba shi ruwa. Aka riƙe ƙafafunsa aka ja wuyansa kamar yadda ka ce yanzu. Bai ƙara magana ba. Ina tsaye a wurin, na yi shiru don an ce maza suna aiki. Yau ba zan yi shiru ba. Wanda zai ja kan nan sai ya fara karya hannuna."

Nan fa aka yi mata ca. Wani ya ce dubi matar aure ta rungume kan ƙato a bakin titi. Wani ya ce ai dutsenta ne ya kayar da shi, so take ya mutu kada ya yi shaida. Wani ya ture kafaɗarta har mayafinta ya zame. Ba ta saki ba. Ta ɗaga kai ta hango wani mai babur ya tsaya kallo, ta daka masa tsawa ya je ƙauyen gaba ya ɗauko malamin asibiti. Aka je aka gaya wa mijinta. Ya zo yana huci.

"Ke, tashi mu tafi gida."

"Malam, in na saki zai mutu."

"Na ce ki tashi!"

"Ka yi mini duk abin da za ka yi in mun je gida. Yanzu dai ba zan saki ba."

Rana tana dukanta, kwalta tana ƙona gwiwoyinta, awaki sun samu sake sun afka wa shinkafar da ta wahala ta turara. Tana gani, ba ta motsa ba. Tana ta ce wa Tasi'u kada ya juya kai, ya yi ta salati, ya kalle ta kawai. Haka ta zauna har malamin asibitin ya iso. Ya tallafe wuyan ya ɗaure, aka ciro ƙyauren wani shago aka zura a ƙarƙashinsa a hankali, aka sa shi a bayan a-kori-kura. Sai da malamin ya karɓi kan da hannunsa sannan ta saki. Da ta miƙe, fatar gwiwarta ta saɓule. A ranar mijinta ya ce ta tafi gidan iyayenta, ta zubar masa da mutunci a gaban gari. Sai da dattawa suka sa baki daga baya ta koma ɗakinta.

A babban asibiti aka cire kwanon yadda ya kamata, aka ɗauki hoton kansa da wuyansa. Kai lafiya lau. Wuya kuwa akwai tsaga a ƙashi ɗaya, amma bai goce ba. Likita ya sa aka kawo kwanon ya nuna wa dangi. Bayansa ya goge kamar an bi shi da dutsen niƙa, farin soson ciki ya murƙushe ya rabe biyu. Ya ce da 'yar robar nan ce ta banza, ko ƙatuwa mai juyawa, da abin da ya samu soson nan shi zai samu ƙoƙon kan. Ya ce da maɗaurin a sake yake, da kwanon ya tashi tun Tasi'u yana sama, ya sauka da kai tsirara. Ya ce kuma da an zare kwanon da ƙarfi an ja wuyan a bakin titi, da ko dai gawa aka kawo masa, ko mutumin da ba zai sake ɗaga ko yatsa ba.

Allah ne ya tsare, wannan babu mai musu. Amma abin da ya ƙona mini rai shi ne, in ji Baba Mati, masu zuwa dubiya da yawa iyakar abin da suka ɗauka ke nan: kwanansa ne na gaba. Su faɗa, su shafa addu'a, su fito su hau babur kai a waje.

Tasi'u dai ya ji maganar likita. Yana kwance, wuya a ɗaure, ɗaki cike da 'yan'uwa, ya ce: "Ku zama shaida. In Allah ya sauki Bara'atu lafiya, kuma mace ce, sunan wadda Allah ya sa ta zama sanadin tsirata zan sa mata." Kowa ya ce Allah ya nuna mana. Ba wanda ya tambaye shi wa yake nufi, don kowa a ɗakin ya ɗauka ya sani. Kuma, gaskiya, ba wanda ya zaci mace za a haifa a gidan nan.

Makon jiya Bara'atu ta haihu. Mace.

An yi wa jaririya kiran salla a kunne, amma har yanzu ba a yi mata huɗuba da suna ba, don gida ya rabu uku.

Masu goyon bayan Suwaiba suka ce daga wurinta komai ya fara. Da ba ta tsaya a rana ta ƙi mai ƙyalli, ta ƙi 'yar gwanjo, ta ƙi ƙatuwa ba, me tsohuwa za ta ɗaure? 'Yar hular magina? Kuma wane kai Zulai za ta riƙe, wanda ya riga ya fashe? Suka ƙara da cewa ita ce ta sha gaba da ɗan'uwanta a kan abin, kuma mace ce da ba ta da ɗa ko 'ya. Takwara a wurinta ba suna ba ne kawai, 'ya ce. Masu ja da su suka ce ai ta saya ta juya baya. Watanni kwanon yana lilo a hannun babur, tana gani. Kwanon da ke rataye wa ya taɓa ceta?  Ita Suwaiba dai ta kawo bahon wankan jariri, mafi kauri a cikin kayanta, ta ajiye ta fita da sauri.

Masu goyon bayan Kaka Ramatu suka ce kwano a hannun babur da kwano a shago duk ɗaya ne. Ita ce ta mayar da shi kan mutum, a ranar da ake bukata, da dabarar da ba wanda ya yi tunaninta, kuma ita ta ɗaure maɗaurin da likita da bakinsa ya ce shi ya riƙe. Suka ce tsohuwa ta ga jikoki da tattaɓa-kunne duk maza in ban da Suwaiba, ba a taɓa yi mata takwara ba, kuma wa ya san ko za ta ga wata macen? Masu ja da su suka ce ita a kan tabarmarta ta yi nata, cikin wasa da dariya, ba ta rasa komai ba. Kuma jikanta ne, wa zai ga nasa zai halaka ya ƙyale? Da aka kawo shawarar a haɗa sunaye biyu a ba yarinyar, tsohuwa ta ce ita ba goro ba ce da za a ɓara ta. "Ko a ba ni duka ko a ba mai shi. Ni dai da na so in an kai ni, a riƙa kiran sunana a tsakar gidan nan ana amsawa." Tasi'u ma ya ce suna ɗaya ya yi alkawari.

Masu goyon bayan Zulai, kuma Bara'atu mai jego tana cikinsu, suka ce waɗancan biyun jininsa ne, ita kuwa ba ta san ko sunansa ba. Ta tsaya ita kaɗai a gaban taron maza, ta sha zagi, ta rasa shinkafarta, ta ƙona gwiwarta, aurenta ya kusa mutuwa. Da ta saki hannunta, da duk wahalar Suwaiba da dabarar tsohuwa sun tashi a banza a hannun mai ɗori. Masu ja da su suka ce a bar wannan magana: dutsen wa ya kayar da shi? Za a sa wa yarinya sunan matar da ta kusa mayar da ita marainiya tun tana ciki? Sai aka ba su amsa cewa mai gingimari ne ya kore shi daga hanya, kuma duk matan ƙauyen suna jera duwatsu, amma ita kaɗai ce ba ta gudu ba. Zulai ta zo barka shekaranjiya. Ba ta san da wani alkawari ba. Ta kawo 'yar shinkafa a ƙullin leda, ta ce ragowar wadda awaki suka bari ce, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ta zo ne a yafe mata dutsen.

Gobe da safe za a raɗa suna. An ɗaure rago, an sayo goro, an gaya wa liman. Tasi'u yana zaune a shagonsa da abin ɗaure wuya, ba ya iya juya kai ya kalli ko ɗaya daga cikin masu ba shi shawara. Gungumen da yakan kifa zannarsa mafi kyau a kai, yanzu fasasshen kwanon ne a kansa.

A nan Baba Mati ya tsaya, ya kurɓi shayinsa. Benci ya kaure. Aka yi ta musu har mai shayi ya ce za a kifar masa da tukunya. Biyu daga cikin masu ɗaga murya suka ce sai sun je sun ji ta bakin liman. Suka haye babur ɗaya, suka fizge shi da gudu suna ci gaba da gardama, ɗaya yana waiwayowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Kawunansu a waje.

Su dai sun tafi. Ku ne nake tambaya, tun da yarinya ɗaya ce kuma suna ɗaya ne, kuma liman ba zai jira ba. Wadda ta zaɓi kwanon, da wadda ta ɗaure shi, da wadda ta hana a cire shi: to, wace ce a cikinsu ta fi cancanta a kira yarinyar nan da sunanta?